Me ya sa ake samun zinare a Anka da Maru da Yauri, amma babu a Argungu da Sakkwato?

Tambaya: Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Gusau. Ɗalibaina sun tambaye ni dalilin da ya sa ake haƙar zinare a Anka da Maru da Bukkuyum, har can Yauri a Jihar Kebbi, amma ba a taɓa jin an haƙa shi a Argungu ko Birnin Kebbi ko Sakkwato ba. Suna kuma son sanin tun yaushe aka fara haƙon, da ko gaskiya ne zinaren ne ya jawo mana masifar 'yan bindiga. Na ba su abin da ya sawwaƙa, amma ni kaina ban gamsu ba.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri, ya yi wa yaran nan albarka. Tambayoyi uku suka yi, amma ta farkon ita ke riƙe da sauran biyun. Wanda ya gane yadda zinaren yake kwance a cikin ƙasar nan zai gane dalilin da ya sa tarihin haƙonsa ya zo a yadda ya zo, har da mutuwar yaran da gubar dalma ta jawo a 2010.

Ka fara musu da abin da idonsu ya sani. Duk wanda ya shiga mota daga Funtuwa zuwa Gusau ya ga manyan duwatsun nan masu sulɓi da ke tashi a tsakiyar fili, Kwatarkwashi ne babbansu. Daga Gusau ka bi ta Bunguɗu da Maru, ƙasar tudu da kwari ce, ga tsakuwa, ga fararen duwatsu warwatse a gonaki. Amma kana wuce Talata Mafara ka doshi Tureta sai duk wannan ya ɓace, ƙasa ta shimfiɗe, ba ka ganin komai sai rairayi da jar ƙasa da 'yan tuddai masu shafaffen kai. Haka nan idan ka taso daga Yauri ka nufi arewa ta Koko zuwa Jega. Ba tare da ka sani ba ka tsallake iyaka tsakanin ƙasashe biyu waɗanda shekarunsu ba ɗaya ba.

Ta gabas da kudu, wato galibin Zamfara da ƙasar Zuru da Yauri, tana zaune ne kan tsohon dutsen da shi ne gindin ƙasar Najeriya. Ta yamma da arewa kuwa, Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi da Gwandu, wani ƙaton kwari ne da ya miƙe har cikin Nijar da Mali, wanda koguna da teku suka cika da yashi da yumɓu da farar ƙasa daga baya can. Teku ta taɓa shigowa wurin, shi ya sa ake tono burbushin kifaye da kadoji da kunkuru a yankin Wurno da Dange, shi ya sa kuma ake da farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita. Tsohon dutsen yana nan a ƙarƙashin Argungu, sai dai an binne shi da ɗaruruwan mitoci na yashi, ba diga ko shebur da za su kai gare shi. A madadin haka Allah ya ba su ruwan ƙasa. Rijiyar burtsatse a ƙasar Gwandu ba ta cika ba da kunya ba, a wasu wuraren ma ruwan da kansa yake bulbulowa, alhali a ƙasar Maru sai a huda dutse mita da yawa a tashi a tutar babu.

To amma ba duk tsohon dutse ke ɗauke da zinare ba. Kwatarkwashi kansa ba wurin nemansa ba ne. Zinaren yana bin wasu dogayen zirare ne na wani dutse mai falle-falle, wanda masana ke kira shist, da suka miƙe daga arewa zuwa kudu, sun ɗan karkata gabas. Akwai zirin Anka, da na Maru, da na Wonaka, da na Zuru, sannan a Kaduna da Neja akwai na Birnin Gwari da na Kushaka. Asalin wannan dutse laka ce da yashi da aman dutse da suka taru a ƙarƙashin ruwa. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, ɓangaren ƙasar da ke yammacinmu, inda Gana da Burkina Faso suke a yau, ya yi karo da namu. Abin da ke tsakani ya matsu, ya dahu, ya nannaɗe kamar tabarmar da aka tura ta kai da ƙafa. Manyan tsaunuka suka tashi, narkakken dutse ya kutso daga ƙasa ya daskare ya zama irin su Kwatarkwashi, ƙasa kuma ta tsattsage. Ɗaya daga cikin manyan tsagogin ita ce wadda ta bi ta Anka ta gangara Yauri ta zarce har Iseyin a ƙasar Yarbawa. Wannan ita ce amsar dalilin da ya sa sunan Anka da na Yauri suke zuwa tare duk da tazarar da ke tsakaninsu: layi ɗaya suke kai.

Ta cikin waɗannan tsagogi ne tafasasshen ruwa ya riƙa hawowa daga can ƙasa, ɗauke da narkakkun ma'adinai. Inda ya huce sai ya ajiye kayansa: farin dutsen nan mai tauri da mahaƙa ke bi suna kiransa jijiya, da ƙwayoyin zinare a cikinsa, da abokan tafiyarsa. A cikin abokan tafiyar akwai wani mai ruwan ɗorawa da ke ruɗar baƙon haƙo ya ɗauka zinare ne, akwai na tagulla, akwai kuma baƙin dutsen nan mai ƙyalli na dalma, irin wanda ake daka tozali da shi. Ka sa ɗalibanka su riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo gare shi.

Tsaunukan can sun daɗe da zaizayewa. Abin da ya rage shi ne gindinsu, wato 'yan tuddan da ke gangarowa daga tudun ƙasar Hausa zuwa filin Sakkwato. Ruwan sama na farfasa jijiyar, yana kwashe ƙasa, amma zinare ya fi ruwa nauyi sau 19, yashi kuwa bai kai sau 3 ba. Saboda haka ba ya tafiya nesa. Yana zama a gindin tudu, da kwanar rafi, da bayan duwatsun da ke tare ruwa, a ƙananan ƙoramun da ke zuba cikin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka da Gulbin Sakkwato. Shi ya sa zinare iri biyu ne a wurinmu: na rafi, wanda ake wankewa da kwano, da na dutse, wanda sai an shiga rami, an fasa, an niƙa.

Abin da na fi so a fahimta shi ne siffar jijiyar nan. Siririya ce, wani wuri ba ta wuce taƙi ba, wani wuri ta buɗe ta kai mita ɗaya ko biyu, can gaba ta tsuke ta ɓace, ta sake ɓullowa a wani daji. Zinaren ma ba a raba shi daidai a cikinta ba. Mutum biyu sai su yi rami kusa da juna, ɗaya ya sayi mota, ɗaya ya koma gida da bashi. Irin wannan arziki ba ya tara mutane wuri ɗaya shekara da shekaru yadda kuza ta tara su a Jos. Sai dai a ji labari ya fashe a wuri kaza, dubban mutane su kwarara, a kafa rumfuna, masu abinci da masu shayi su biyo baya, bayan wata shida a watse. Tarihin haƙon duka a kan wannan yake tafiya.

Game da zamanin da, kada a ruɗa yara. Zinaren da ya ɗaukaka sunan Afirka ta Yamma, wanda Mansa Musa ya je hajji da shi a 1324, daga Bambuk da Bure ya fito, daga baya kuma daga ƙasar Akan. Fatakenmu masu zuwa Gwanja sayen goro sun san hanyarsa, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin tana ratsa Yauri ta tsallake kogin Kwara. Amma ƙarfin daular Zamfara, tun daga Dutsi zuwa Birnin Zamfara da Gobirawa suka ci a ƙarni na 18, har sarautar ta zo ta zauna a Anka, a kan noma da kiwo da ƙira da fatauci yake. Haka Kabin Kanta a Surame. Ba a gina waɗannan dauloli da ramin zinare ba.

Haƙon da aka rubuta a takarda ya zo ne da Turawa. Sun ci Sakkwato a 1903, dokarsu ta mayar da duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati. Akwai ma wani sharaɗi da ba a cika koyarwa ba: lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun Kamfanin Neja a 1900, ta yarda ta riƙa ba shi rabin harajin ma'adinan da aka haƙa tsakanin kogin Kwara da wani layi daga Yola zuwa Damagaram, har tsawon shekara 99. Ƙasarmu tana cikin wannan yanki. Wato tun kafin a saka diga a Anka an riga an raba ribar a Landan.

An fara lissafa zinaren Najeriya a 1913, amma bai yi ƙarfi ba sai a shekarun 1930. Dalilin ba a ƙasar nan yake ba. Ingila ta raba kuɗinta da zinare a 1931, Amurka ta ɗaga farashin ozar zinare zuwa dala 35 a 1934, ga kuza ta faɗi, ga jirgin ƙasa ya iso Gusau ya kai Kaura Namoda a 1929. Sai Turawa masu ƙaramin jari suka bazu daga Minna zuwa Birnin Gwari zuwa lardin Sakkwato. Tsofaffin ramukansu suna nan da sunayensu: Maraba da Duki a ƙasar Maru, Kwali da Zuzzurfa da Kuba da wanda ake kira Jameson a ƙasar Anka, da na Bin Yauri, tsohon birnin sarakunan Yauri. Yawancin aikin wankin rafi ne da bin jijiya sama-sama, da ƙarfin talaka mai neman kuɗin haraji. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuza, sai aka juya leburori aka kai su Jos aikin tilas. Ramukan zinare suka mutu. Bayan 'yancin kai man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, kuma binciken da hukumar haƙar ma'adinai ta ƙasa ta taɓa yi a shekarun 1980 bai kai ga buɗe wata babbar mahaƙa ba.

Farashi ne ya kashe haƙon, farashi ne kuma ya tayar da shi. Oza ta haura dala 1,000 a 2008, ta kusa 1,900 a 2011. Manomin da ya gama kaka, maimakon ya tafi cin rani Kudu, sai ya ga abin da yake nema yana bayan gari. Amma zinaren rafi mai sauƙi an riga an tsince mafi yawansa, saura na dutse. Aka shiga rami, aka fito da dutse a buhu, aka kawo shi gida. Injin niƙan da ake niƙa dawa da shi aka sa wa dutse. Matan da ke cikin kulle suka samu sana'a ba tare da sun fita ba, suna daka a turmi, suna shanya a tsakar gida, goyo a baya, masu rarrafe a ƙasa.

A nan baƙin dutsen dalma ya dawo. Wasu daga cikin jijiyoyin ƙasar Anka da Bukkuyum cike suke da shi. Muddin yana cikin dutse a daji ba ya cutar kowa, amma da an niƙa shi ya zama ƙura, ya shiga ƙasar ɗaki, ya shiga kwanon abinci, ya shiga hannun yaron da ke kai komai baki. Agwagi ne suka fara mutuwa. Sai yara suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga, aka ɗauka sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF (Likitoci Marasa Iyaka) suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, gwaji ya nuna gubar dalma ce. 'Yargalma, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, sannan Bagega wadda ta fi su girma. A ƙauyuka biyu da masu bincike daga Amurka suka bi gida-gida, yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Jimillar waɗanda suka rasu ta kai aƙalla 400. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa wurin wasan yara a lokacin 400 ce.

Maganin da ake ba yaro ya fitar da gubar ba ya amfani idan zai koma ya zauna kan ƙasar da ta sa masa ita, don haka sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. An yi wa ƙauyuka bakwai tun da wuri, Bagega kuwa ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. Wannan jira yana cikin abubuwan da har yau suke ci mini rai, domin an san cutar, an san maganin, yara suna nan suna shaƙa. Waɗanda suka rayu da yawa gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, kuma wannan ba ya warkewa. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, a kan dutse ɗan'uwan namu. Sannan ga zaiba da ake kama zinaren da ita a ƙone, hayaƙinta ya shiga huhun mai ƙonawa, ragowar ta bi ruwa ta shiga kifi. Ba ta kashewa nan take, shi ya sa ba a tsoronta yadda ya kamata.

Tambayar 'yan bindiga kuma, a nan sai an yi adalci. Ban yarda zinare ne ya haifi rikicin ba. Tushensa yana cikin cinye burtali da gandun kiwo, da satar shanu, da rashin adalcin da makiyayi da manomi suka sha a hannun masu shari'a, da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da Fulanin daji, da makamai da suka kwararo bayan rushewar Libiya a 2011. Amma da wutar ta kama, zinare ya zama itacenta. Ka duba taswira: ramukan suna cikin dazuzzukan da ke tsakanin tuddai, kudancin Maru zuwa Ɗansadau da Kuyambana, yammacin Anka, wuraren da ba hanyar mota, ba ofishin 'yan sanda. Ga kaya mai tsada wanda ake sawa a aljihu a tsallake iyaka. A watan Nuwamba na 2016 an kashe mahaƙa fiye da 30 a wata mahaƙa a ƙasar Maru. Daga baya 'yan bindigar suka gane sa haraji ya fi kisa riba, wasu ma suka mallaki ramuka suna tilasta wa mutanen ƙauye aiki. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙo a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ta ƙara da hana jirage shawagi a sararin jihar a watan Maris na 2021 bayan sace 'yan matan Jangebe. Kashe-kashen ba su tsaya ba. Wanda ke da lasisi da wanda ke tsoron hukuma su ne suka fita, mai bindiga ya zauna. A watan Disamba na 2024 aka ɗage haramcin.

Kebbi ta ɗan bi wata hanya. Tana cikin jihohi biyu, ita da Osun, da aka fara gwada shirin shugaban ƙasa na yi wa ƙananan mahaƙa rajista da sayen zinarensu a hukumance, kuma a watan Yuli na 2020 aka nuna wa Shugaba Buhari sandar zinare mai kilo 12.5 da Babban Banki ya saya a kan naira miliyan 268. Tunanin mai kyau ne, domin mahaƙin da yake da wurin sayarwa a fili ba ya buƙatar dillalin dare. Sai dai sanda ɗaya ba ta zama masana'anta ba. Ka kuma tuna wa ɗalibai cewa sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun ba gwamnatin tarayya ce mallakar ma'adinai, ba gwamna ba, ba sarki ba, ba mai gona ba. Wannan ma yana cikin abin da ke sa mutumin ƙauye ya ga gara ya haƙa yau ya ɓoye, tunda a takarda ba shi da rabo.

Akwai maganar da ake yawan yi a majalisa, cewa zinaren Zamfara zai iya ciyar da Najeriya duka, har ya fi na Gana. Ban san wani ma'auni da aka dogara da shi aka faɗi haka ba, kuma a sana'ar binciken ma'adinai ba a ƙiyasta abin da ke ƙasa da ido ko da yawan mutanen da ke bakin rami. Sai an huda dutse da inji, rami bayan rami a jere, an ciro samfur an auna. A Segilola ta Jihar Osun, a kan zirin Ilesha wanda dangin namu ne, haka aka yi shekara da shekaru kafin a fara fitar da zinare a 2021. Duwatsun zinaren Gana ma sun haura shekara biliyan biyu, tsarinsu daban. Zinarenmu na gaske ne, kuma mai yiwuwa akwai wuraren da za su ɗauki babbar mahaƙa a ƙasa da inda diga ke kaiwa, musamman a kan tsagar Anka zuwa Yauri. Amma abin da ake gani a sama siraran jijiyoyi ne a warwatse, kuma irin wannan ƙasa ƙananan mahaƙa za ta ci gaba da jawowa ko an so ko an ƙi, duk lokacin da farashi ya tashi.

Tunda haka ne, aikin da ya fi gaggawa bayan ɗage haramcin ba shi da tsada sosai. Ba kowace jijiya ke da dalma ba, kuma akwai 'yar na'urar hannu da ake ɗora wa dutse ta faɗi abin da ke cikinsa cikin ƙasa da minti guda, irinta aka yi amfani da ita wajen auna ƙasar gidaje a Dareta da Bagega. Ya kamata a bi ramukan Anka da Bukkuyum da Maru da Yauri ɗaya bayan ɗaya a tantance masu dalma, a sanar da hakimai da dagatai da limamai. Niƙa ya koma daba a wajen gari, nesa da rijiya, kuma a niƙa da ruwa don ƙura ta kwanta. Mai aiki ya yi wanka ya sauya tufafi a can kafin ya shigo gida ya ɗauki ɗansa. Turmin abinci da injin dawa kada dutse ya taɓa su. Dalma ba ta ruɓewa kuma ba ta ƙonewa, gidan da aka kankare a 2010 buhu ɗaya na niƙaƙƙen dutse ya isa ya mayar da shi yadda yake a da.